Abdulsamad, Wanda Bai Iya Wucewa a Tsaye Ba

Ranar Talata, goma sha tara ga watan Agusta, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, Injiniya Abdulsamad Mas'udu. Ƙaramin jirginsa, wanda yake tuƙawa da kansa, ya daki dutsen da ke bayan ƙauyenmu, Tungar Yahuza, can gaba da Nahuce a ƙasar Bungudu. Shi kaɗai ne a ciki. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa Muzdalifa, da 'yarsa Madina, ya kuma bar ni, yayarsa Shafa'atu, wadda ta goye shi tun bai iya zama ba. Mallakar Allah muke, kuma wurinSa kowa ya nufa. Na faɗi haka a ranar, ina kuma faɗa kullum, amma har yau zuciyata ba ta kamo bakina ba.

Abdulsamad, da kai zan yi magana. A zaman makoki kowa ya faɗi abin da ya dace, ni kuwa abin da ke cikina ba na faɗa a kan tabarmar makoki ba ne.

An yabe ka, kuma ba a yi ƙarya ba. Mutanen Karakkai sun zo mota guda, maza da mata, suka ba mu labarin shekarar da ka je yi musu rijiyar burtsatse. Aka haƙa nan ba ruwa, aka koma can ba ruwa, har waɗanda suka tura ka suka ce ka kwashe injinanka ka dawo Gusau. Ka ƙi. Ka tare a zauren mai gari kana cin tuwon dawa da miyar kuka tare da leburorinka, har ranar da ruwa ya yi tsiri a bayan makarantar firamare. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce tun daga lokacin jikokinta ba su sake zuwa rafi ba, a kwanakin nan da zuwa rafi kan zama tafiyar da ba a dawowa. Ban san da labarin nan ba sai da ka mutu. Ba ka taɓa faɗa mini ba, kai da ba ka iya ɓoye mini ko ciwon haƙori.

Mutanen Tsafe ma sun zo, dangin Muzdalifa. Su na san nasu labarin, domin a gabana aka yi. Lokacin da surukinka ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan bindiga sun sa hanya ta yi munin da direbobi suka ajiye makullansu. Ka ɗauki motarka ka tafi Tsafe da kanka, ina tsaye a ƙofar gida ina yi maka faɗa. Ka ɗauko shi, ka sa shi a jirgi zuwa asibiti a Kano. Akwai kujera ɗaya da ta rage, sai ka ba wata mata da ba ka taɓa gani ba, wadda ke riƙe da yarinyar da ruwan zafi ya ƙona. Surukin naka yana nan da ransa. Shi ne ya zauna a kan keken guragu yana kuka a ranar sadakar uku, yana cewa an yi kuskuren layi, shi ya kamata a fara kira.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa son jirgin nan ba. Sai da ka haura arba'in ka tashi koyon tuƙi, na ce maka mutumin da sana'arsa haƙa ƙasa me zai kai shi sama? Ka yi dariya ka ce, "Yaya, na gaji da kallon ƙasa ta ciki, ina so in gan ta ta waje." Kuka haɗa hannu da Kyaftin Tajuddeen, tsohon matuƙin manyan jirage da ya yi ritaya, kuka sayi abin nan mai farfela ɗaya da kujeru huɗu. Ba haya kuke yi da shi ba. Kana zuwa wuraren aikinka, kana ɗaukar marasa lafiya, kana kuma jin daɗinka. Kyaftin ne ya koya maka abin da kake alfahari da shi fiye da takardar digirinka, wato sauka cikin gajimare ba tare da ganin ƙasa ba.

Sau ɗaya tak na yarda na shiga, kuma a ranar ka yi mini bayanin da yanzu ya hana ni sakat. Ka ce idan hadari ya rufe, idon matuƙi ba shi da amfani, jikinsa ma ƙarya yake yi masa, zai ji kamar a miƙe yake alhali ya karkace. Abin da ya rage masa shi ne na'urorin da ke gabansa, da muryar ma'aikacin hasumiyar filin jirgi a rediyo. Ka ce saukar kamar matakalar bene take. Ana ba ka mataki ɗaya, a ce tsaya a tsayi kaza har ka kai wuri kaza, kai kuma ka maimaita da bakinka don a tabbatar ka ji. Ba ka taka na ƙasa sai an ba ka izini, domin waɗanda suka zana matakalar sun auna kowane dutse da kowane dogon ƙarfe da ke ƙarƙashinta. In ka kai matakin ƙarshe ba ka ga titin sauka ba, sai ka koma sama, ba gardama.

Na kuwa ga hakan da idona. Muna dawowa daga Kaduna muka shiga gajimare, jirgin ya riƙa tsalle kamar amalanke a kan kunya. Na cika leda da amai, na yi salati na yi kuka. Na hango ƙasa ta wata 'yar kafa a ƙarƙashinmu, kore shar, na ce don Allah ka sauka ƙasa-ƙasa inda iska ta lafa. Ko kallona ba ka yi ba.

"Yaya, ba a ba ni izini ba."

Na ce ni na ba ka, ni da na share maka majina. Ka ce, "Naki izinin a ƙasa yake aiki." Na yi fushi da kai har muka sauka, na yi mako ban ɗauki wayarka ba. Amma a raina na samu natsuwa. Na ce yaron nan ba zai mutu a jirgi ba, domin ba ya jin maganar kowa a can sama sai ta wanda ya kamata.

Na manta da cewa akwai wata doka da ta riga wannan shiga jikinka.

Mahaifinmu, Malam Mas'udu, Allah Ya jiƙansa, yana da abu guda da ba ya sassauci a kai. Ba a wuce babba a tsaye. In a ƙafa kake, ka tuɓe takalmi ka durƙusa. In a keke kake, ka sauka tun daga nesa. In babur ne, ka kashe shi ka turo. Duk Tunga haka aka tashi, amma gidanmu ya fi kowa tsanani. Ina tuna ranar da ka fara iya keke, daɗi ya ɗebe ka ka wuce dattawa a gindin tsamiya kana kaɗa ƙararrawa. Baba bai dake ka ba. Ya sa ka koma inda ka fito, ka turo keken, ka durƙusa gaban kowane tsoho ɗaya bayan ɗaya, kana hawaye suna amsawa. Daga ranar ban sake ganin ka wuce ko sa'ar Inna a tsaye ba, har ka yi furfura a gemu.

Da ka sayi jirgi, Baba Garba, ƙanen mahaifinmu, shi ya fara tsokanarka. Ya ce, "To wanga keken naka, ƙaƙa za ka sauka ka gaishe mu?" Aka yi dariya. Kai kuwa ba ka ɗauke ta wasa ba. Hanyar da kake bi in za ka sauka Gusau ta kusa da Tunga take ratsawa, sai ka samo dabara. Duk ranar da gari ya yi garau, kakan roƙi hasumiya izini, a ba ka, ka sauko ƙasa-ƙasa ka zagaya Tunga sau ɗaya, ka karkata fiffike dama da hagu a saitin gidanmu. Wannan ce durƙusawarka. Inna takan fito tsakar gida ta ɗaga hannu, ta amsa da ƙarfi kamar kana jin ta: "Lahiya lau, Auta! Sannu da hanya!" Yaran da suka saba rugawa ɗaki in sun ji ƙarar jirgi, naka kaɗai suke fitowa yi wa ihu.

Abin ya yi kyau, ban musa ba. Ya kuma ƙara nauyi da hanya ta lalace, zuwa Tunga ya zama sai an yi shiri an yi addu'a. Mun yi juyin duniya Inna ta dawo Gusau ta ƙi, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta. Waya kuma ba ta ɗauke ta gaisuwa ba, takan ce murya ce ba mutum. Saboda haka watanni kan wuce ba ta san kana duniya ba sai ta wannan zagayen. Ni dai na sha faɗa maka cewa ba na son sa. Kakan ce, "Da izini nake yi, Yaya, kuma sai ina ganin ƙasa."

A farkon daminar nan ka dawo daga tafiya cikin hadari. Ka bi matakalarka yadda aka koya maka, ka wuce ta saman Tunga can cikin gajimare, suka ji ƙararka ba su gan ka ba. Da muka haɗu wurin ɗaurin aure a Bungudu, Baba Garba ya tare ka a gaban mutane yana murmushi: "Injiniya, mun ji anka wuce mu a tsaye. Girma ya zo ke nan." Wasa yake yi, na sani, kuma yau ba wanda ya kai shi kuka. Ka yi ta bayani, kana kwatanta gajimare da hannu. Sannan ka juya wurin Inna ka durƙusa ka ce ta yi haƙuri. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba komi. Na dai hito na tsaya." Na ga yadda fuskarka ta yi. Da zagin ka ta yi, da ya fi maka sauƙi.

Daga nan aiki ya riƙe ka a kudu kusan wata biyu. Ranar Talatar nan ce dawowarka.

Abin da ya faru a sama, daga bakin Kyaftin Tajuddeen na ji shi, domin yana filin jirgi yana jiran ka, da rediyon oba-oba a hannunsa yana sauraro. Tun safe ake marka, gajimare ya sauko har ya rufe kawunan duwatsu. Ya ji an ce maka ka tsaya a ƙafa dubu huɗu har ka iso inda ake fara gangarowa. Ya ji ka maimaita, kalma bayan kalma, da muryar nan taka mai sanyi. Ba ka ce injin yana ba ka wahala ba. Ba ka nemi komai ba. Can aka kira ka a ji inda kake, shiru. Aka sake kira. Kyaftin ya ce da aka yi kira na uku sai ya zauna a ƙasa cikin ruwa.

Tsakanin inda aka ce ka tsaya da ƙololuwar dutsenmu akwai fiye da ƙafa dubu. Da ka zauna inda aka ajiye ka, da ka wuce ta samansa ba ka ma san yana nan ba. Masu bincike ba su gama aikinsu ba, kuma Kyaftin ya gargaɗe ni kada in riga su yanke hukunci. Ya ce iska na iya danna jirgi, na'ura na iya yin ƙarya. Na ji, kuma ina roƙon Allah Ya sa haka ne. Amma mutanen Tunga ba su san na'ura ba, kunne suke da shi. Sun ce ƙarar lafiya lau take, ba tari ba shaƙewa. Sun ce ta sauko, ta matso, ta fara zagayen da suka sani.

Na matsa wa Kyaftin. Sai ya ce abin da ya fi kashe masu ƙananan jirage ba rashin sani ba ne. Mutum ne zai hango wata kafa a cikin gajimare, ya ga rufin da ya sani, ya ce bari in leƙa in dawo. Yana shiga kafar ta rufe. Ya ce baƙo ba ya yin haka, tsoro yake ji. Ɗan gari ne ke yi, wanda ya yi kiwon awaki a kan dutsen yana ganin ya san shi.

Abdulsamad, kullum kana neman izini kafin ka sauko gaisuwa. Ranar ba ka nema ba, domin ka san amsar da za a ba ka. Wannan ne ke ci na. Kai da ka bar ni ina amai ina roƙo ba ka sauko taki ɗaya ba. Kai da kake cewa wanda ya maimaita umarni ya ɗauki alkawari. Ina jin haushinka, ƙanena, haushin da ban san inda zan kai shi ba. In na ɗora maka, sai in tuna yaron da ke turo keke yana hawaye. In na ɗora wa Baba Garba, sai in gan shi ya rame ya zama kamar kara. In na ɗora wa tarbiyyar gidanmu, to me ya rage mana? Da ita muke taƙama. Ita ce ta sa ka kwana a Karakkai, ita ce ta kai ka Tsafe. Ban taɓa zaton abin da ya sa ka zama mutumin kirki shi ne zai bar Madina marainiya ba.

Samarin Tunga ne suka hau dutsen cikin ruwa suka sauko da kai. Washegari da hantsi aka yi maka sutura, aka kwantar da kai kusa da Baba. Da aka ɗaga makara, Muzdalifa ta ce a hankali, "Ya ce in dafa mishi dambu." Madina kuwa tambaya take ta yi wa zai kai ta makaranta ranar da aka koma, tunda ka yi mata alkawari.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina ya zo bayan mutane sun ragu. Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta kama sunana, kasancewata 'yar fari, sai ta ce, "Ke, zamna." Na zauna. Tana jan carbi, idonta a bushe.

"Da nij ji ƙara tai, na hito," in ji ta. "Ana ruwa. Na tsaya tsakar gida na ɗaga hannu, ban ga komi ba sai hadari. Na dai amsa. Ke da kinka shiga jirgin nan, kin san yadda a ka gani daga can. Gaya min gaskiya. Ya gan ni?"

In na ce ka gan ta, na gaya mata ke nan cewa dominta ka sauko, kuma hannun da ta ɗaga shi ne abin da ka bi har dutse. In na ce ba ka gan ta ba, na gaya mata cewa autanta ya bar duniya bai gaishe ta ba, ta tsaya cikin ruwa a banza karo na biyu. Na shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa rasa amsar da zan ba mai tambaya ba, ko da ta kame-kame ce. Ranar na rasa. Na ce, "Allah ne Ya sani, Inna." Ta dube ni ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da jan carbinta. Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da mayafi.

Na yi zaton na tsare ta daga sani. Ranar addu'ar bakwai na gane ban tsare komai ba. Muna zaune da rana, gari ya washe, sai ga ƙarar wani jirgi can sama, ɗan fari ƙarami, ba ruwansa da mu. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta fita tsakar gida, muka bi ta da ido muna tsoron abin da za ta yi. Ba ta ɗaga hannu irin na amsa gaisuwa ba. Ta juya tafin hannunta sama tana turawa, kamar mai korar kaza ta hau akurki, tana cewa:

"Yi sama, ɗan nan. Yi sama abinka. Wuce a tsaye, na yahe."

Ta yi ta faɗa har ƙarar ta ɓace. Tun daga ranar, in ji matan gidan, duk jirgin da ya gifta sai ta fita ta sallame shi.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulsamad ya zo Maka ba shiri. Ka yi masa rahama, Ka yafe masa kuskurensa na ranar nan da na sauran ranaku. Ka sa ruwan da ya shayar da mutane ya zama sanyi a kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Muzdalifa, ƙanwata, ba ni da kalmar da za ta isa. Allah Ya dafa miki, Ya raya Madina, Ya zama gatanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga surukanmu na Tsafe, da jama'ar Tunga da Nahuce da Karakkai, da Kyaftin Tajuddeen wanda ya koyar da gaskiya bai rage komai ba, da Baba Garba, wanda nake roƙon Allah Ya sauke masa abin da ya ɗora wa kansa. Masu tuƙa ƙananan jirage kuma, abokanka, Allah Ya tsare su, Ya ba su ikon zama inda aka ce su zauna ko wa ke jiran su a ƙasa.

Inna kuwa, ban san addu'ar da zan yi mata ba sai ta haƙuri, domin har yanzu kunnenta yana sama. Ta ba ka izinin, Auta. Ta ba ka shi da babbar murya, a gaban kowa, kwana bakwai bayan ka daina ji.